Abin da hanyar Kano zuwa Maiduguri ta koya min a kan taya

Ni direban ofis ne, kuma hanyar da na fi bi ita ce Kano zuwa Maiduguri, wato Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu sannan ka shiga Borno, kusan kilomita 600. A watan Maris da Afrilu kwaltar nan zafi take ɗauka ba na wasa ba, kuma wallahi ƙananan motocin da nake tararwa sun yi adungure a gefen titi, in ka tsaya ka tambaya sau da yawa za a ce maka taya ce ta fashe.

Mutanenmu zanen taya kawai suke kallo, in zane bai cinye ba shikenan ai sabuwa ce. Alhali a gefen kowace taya akwai lambobi guda 4 da ke faɗin lokacin da aka yi ta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 tana nufin sati na 23 a 2019. 'Yan Road Safety sun daɗe suna cewa shekara 4 ce wa'adin taya. Tayar gwanjo ɗin nan da ake kawowa daga Turai wata ta haura haka tun kafin ta sauka a jirgi, robar ta bushe, ka sa yatsa a gefenta za ka ji ƙananan tsaga.

Sai maganar iska, wadda nake yawan musu da abokan aiki a kanta. Wani da ya ji rana ta take sai ya tsaya wajen mai faci ya ce, "Malam rage min iska kar ta fashe." To kuskure ne fa, tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta ne ke ta lanƙwasa tana tafiya, shi ke ƙara mata zafi har ta yi bindiga. Da safe ake auna iska kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, har safaya a auna ta, a kuma tabbatar jak da sifana suna but.

In kuma ta fashe kana gudu, kar ka danna birki. Ka riƙe sitiyari gam da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali motar ta rage gudu da kanta sannan ka gangara gefe. Wannan kuma zai yiwu ne in kana gudun kilomita 100 a awa da doka ta ba ƙaramar mota a babban titi mai tagwayen hanyoyi, wanda ke 140 kam sai dai Allah ya kiyaye.

Sauran abubuwan bakanike zai duba maka, baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, fanbel da fitilu. Amma ni ba na yarda a yi babban gyara ranar tafiya, a yi da kwana ɗaya ko biyu in zaga da ita cikin gari, in akwai notin da ba a ɗaure ba ya nuna kansa a Kano. Kuma da asuba nake tashi, don bayan magariba wajen Potiskum tireloli ne birjik, wata an ajiye ta a kan kwalta ba fitila ba alama sai ɗan ganye da yaron mota ya zuba a baya.