Ni Kaɗai a Kwale-kwale Mai Zanen Iska a Dam Ɗin Goronyo

Kwale-kwalena na katako ne, tsawonsa mita 5, faɗinsa a tsakiya bai kai mita ɗaya da rabi ba. A hannun wani kafintan jirage na wajen Yawuri na saye shi, irin wanda masunta ke tuƙawa da filafili da gwangwala, ni kuma na kafa masa jigo na rataya zane don iska ta ja shi. A Legas na fara ganin haka lokacin da nake aikin walda a can. Masunta kan farke buhuna su ɗinke su wuri ɗaya, su ɗaga a kan gora, iska ta maido su gida ba ko ɗigon fetur. Da na dawo Sakkwato abin bai bar raina ba. Iska dai Allah ya ba mu, tun daga Nuwamba har wajen Maris hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas. Ruwa mai faɗi kawai nake nema.

Gulbin Rima a wajen Kwalkwalawa bai yi mini ba, ga ƙunci, ga yashi da rani. Dam ɗin Goronyo ne ya dace. A kan Rima ɗin aka gina shi, aka gama a 1984, kuma an tsara ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942. Idan ya cika bayan damina, mutum zai tsaya a wannan gaɓa da ƙyar ya hango waccan. Kafin in sa jirgina a ruwa sai da na je na gaida sarkin ruwan wurin, na kai goro, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ruwan nan akwai masu ci daga cikinsa tun ban zo ba, kuma duk abin da na sani game da wurin tsofaffin kututture da wurin kalli, wato ragar kamun kifi, a bakinsu na ji.

Ni kaɗai nake fita, don ranar da nake da sarari abokaina ba su da shi, kuma daga baya kaɗaicin ya yi mini daɗi. Sai dai jirgin iska aikin mutum biyu ne ko uku. Wani ya riƙe sandar sitiyari, wani igiyar zane, wani ya kwashe ruwan da ya fantsamo, wani ya je gaba ya saki anka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka duk gyaran da na yi wa jirgin nan tambaya ɗaya na auna shi da ita: zai sa in yi wannan aiki ina zaune a mazaunina na baya, ban saki sitiyari ba? In amsar a'a ce, kuɗina ba ya zuwa can, komai kyan abin.

Na fara da abin da ko kallo ba a yi masa, wato jarkoki. Kowace lita ta iska da aka rufe cikin jarka tana ɗaukar nauyin kusan kilo ɗaya a ruwa. Na sami jarkoki huɗu masu cin lita 25, na wanke, na sa roba a murfin, na ɗaure biyu a gaba biyu a baya a ƙarƙashin mazauni, da igiyar da ta ratsa ƙashin jirgin. Kilo 100 ke nan na tallafi. Katako da kansa ba ya nitsewa sosai, amma jirgin da ya cika maƙil bakinsa daidai yake da ruwa, duk abin da ka kwasa sai ya komo. Jarkokin ne ke ɗaga bakin sama ka samu ka kwashe. Ban yarda da lissafi kawai ba. Na kai jirgin inda ruwa ya kawo mini ƙirji, na kifar da shi da gangan, yaran masunta na tsaye suna kallo. Na juyo shi, na gwada hawa ta gefe, ya sake karkatowa kaina. Ta baya ne hawan ya yiwu, shi ma sai da na ɗaura igiya mai madauki da zan taka da ƙafa. Wannan madauki yana nan har yau, kuma kowace shekara ina sake gwajin kafin hunturu, don ruwan Disamba da sassafe yana kashe gaɓoɓi da wuri.

Zanen da tamfol na yi shi, wani tela mai ɗinkin rumfa a tsohuwar kasuwa ya ɗinka mini, ya ninka gefunan ya sa zobban ƙarfe. Mai kusurwa huɗu ne, da gora a sama da gora a ƙasa, faɗinsa murabba'in mita 6. Na zaɓi wannan siffa don jigonta gajere ne, kuma da an saki igiya ɗaya nauyin gorar sama ke sauko da zanen da kansa. Igiyar ɗagawar na bi da ita ta cikin 'yar taya mai kwari a gindin jigo, na jawo ta baya har gefen cinyata ta dama, inda na kafa maɗauri. Na kuma sa siraran igiyoyi daga kan jigo zuwa gorar ƙasa ta ɓangarorin biyu, don in zanen ya faɗo ya kwanta tsakaninsu, kada ya zuba cikin ruwa ko ya rufe mini fuska.

Sai layin rage zane, wanda a ganina ya fi komai daraja a jirgin. Ƙarfin da iska ke yi a kan zane ba daidai da saurinta yake ƙaruwa ba. In saurin ya ninka biyu, ƙarfin ninki huɗu yake yi. Iskar hunturu da ke lallaɓa ka da ƙarfe takwas na safe, kafin sha ɗaya ta zama wata aba daban. Na sa tela ya jera zobba layi biyu a jikin zanen, ta yadda zan naɗe kashi ɗaya cikin uku, ko fiye da rabi, in ɗaure a gorar ƙasa. Mai tafiya da abokai yana iya barin zanensa cikakke su jingina da nauyinsu su danne jirgin. Ni nauyina kaɗai gare ni, don haka da na ga farin kumfa ya fara fitowa a kan igiyar ruwa nake ragewa. Jirgin ma ya fi tafiya daidai in bai karkata ba, sitiyari ya yi laushi a hannu.

Abin da ya zame mini hannu na uku robar ɗaurin kaya ce, irin ta 'yan kabu-kabu da ake yankowa daga tiyub. Na miƙe ta daga wannan gefe zuwa wancan, na naɗa ta sau biyu a sandar sitiyari. Inda na ajiye sandar nan take tsayawa, in na tura kuma ta biyo. Da ita nake samun in sha ruwa, in kwashe wanda ya shigo, in duba kamfas. Amma a nan wani haɗari yake, kuma ina so duk mai sha'awar abin nan ya ji shi da kyau. Jirgin da aka ɗaure wa sitiyari ba ya sanin mai shi ya faɗa ruwa, tafiyarsa zai yi, kuma ko a iska mai sauƙi ya fi mai iyo sauri. Shi ya sa igiyar zane ba na ƙulle ta ko kusa. Sau ɗaya nake zagaya ta a maɗauri in riƙe bakinta a hannu, ko in take da ƙafa. In na fita daga jirgin za ta zare, zanen ya saki iska, jirgin ya tsaya. Ina kuma jan igiya mai tasowa saman ruwa, mita 15, a bayana, da ƙulli-ƙulli a jikinta. Rigar kariya kuwa tun a gaɓa nake ɗaura ta. Mu a jihar nan mun ga abin da ruwa ke yi: a Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a Shagari, a Agustan 2025 kuma jirgin da ke kai mutane kasuwar Goronyo ya kife. Allah ya jiƙansu da rahama. Na iya iyo, amma wanda gora ta buga wa kai iyonsa ba ya amfaninsa.

Kwale-kwalen masunta gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, in iska ta zo ta gefe sai ya riƙa zamewa maimakon ya ci gaba. Maganinsa allo ne da ake nitsarwa a gefen jirgi ya tokare ruwa. Nawa na maɗaci ne, na fere bakinsa, na kafa shi da ƙusa mai noti ɗaya tak don ya riƙa juyawa. In ya bugi kututture ko yashi sai ya ɗago baya da kansa. Allon tuƙin ma haka na yi masa. Wannan ya raba ni da rigima, don in na hango kwalaben da ke nuna kalli ko ƙugiyoyin mamari, igiya ɗaya zan ja allunan su tashi in wuce ta sama ban tsinka wa kowa kayan sana'arsa ba. Da allon ne na fara iya hawa iska, ba kai tsaye ba, sai da karkata dama da hagu, kamar digiri 60 daga inda take fitowa. Tafiyar kilomita ɗaya ta zama ta biyu, amma ana isa.

Wani dattijo Basarke da ke gyaran komarsa kusa da inda nake ɗaure jirgi ya taɓa ce mini: "Ɗana, in ka ga gabas ta yi baƙi, iska kuma ta ɗauke, kak ka jira. Hadarin hwarkon damana ba ya sallama." Na ce, "To Baba, na ji." A wani farkon Yuni na ga abin da idona. La'asar ta yi, zafi ya yi tsanani, zanen ya saki jiki yana lilo. A gabas wani jan bango na ƙura ya taso, baƙin gajimare a bisansa, tsuntsayen ruwa suka tashi gaba ɗaya. Daga inda nake zaune na zare igiyar ɗagawa, gorar sama ta faɗo tsakanin siraran igiyoyinta, na ɗaure zanen da roba wuri uku. Na saki anka, wadda igiyarta ke bi ta zobe a hancin jirgi ta dawo hannuna, na sake mata igiya kamar ninki bakwai na zurfin ruwan. Na zauna a ƙasan jirgi da yankakkiyar jarkata. Iskar farko mai sanyi ce, da yashi a cikinta, ta juya hancin jirgin gabas da ƙarfi har igiyar anka ta yi ƙara. Gaɓa ta ɓace. Igiyar nailan ce, tana miƙewa tana dawowa, ita ta hana ankar fizgewa. Ina kwasar ruwa ina salati har abin ya lafa, ruwan sama ya sauko sosai, dam ɗin ya kwanta. Duk aikin da na yi kafin iskar ta iso bai kai minti biyu ba, kuma ban miƙe tsaye ba ko sau ɗaya.

Kayan lantarki a ƙarshe suka zo, kuma ba su da yawa: ƙaramin faifan sola, batir mai volt 12, fitila, da waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a rataye a wuyana. Kamfas ɗin hannu ya fi su aiki, don hazon Janairu kan shafe gaɓa da rana tsaka. Mutane da dama sun ce in sa inji. Ban sa ba, don nauyinsa a baya zai danne inda nake hawowa in jirgi ya kife, filafili kuma yana isata in iska ta mutu. Yanayin tsaron gabashin Sakkwato ya sa ba na fita sai na kira mutanen gaɓa sun ce lafiya, ba na kwana, kuma ina gaya wa mai ɗakina da dattijon nan inda na nufa da lokacin dawowata.

Rana ta cinye tamfol ɗin yanzu, ya fara yin gari a wajen ɗinki, igiyoyin roba ma sun yi kaushi suna ɓarewa a hannu. Kafin hunturu mai zuwa zan canja igiyar ɗagawa da wadda ba ta miƙewa, in sa a ɗinka sabon zane da yadi mai kauri. Telan ya ce ya ƙara mini mita biyu tunda jirgin zai ɗauka, na ce ya bar shi a shida, ya dai matsar da layin zobba na biyu sama kaɗan.