Godiya ga mutanen Maraɗi da suka tsaya mana ranar da ɗiyata ta faɗo daga doki

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar aka sallamo ɗiyata daga likita, kwana 19 cif. Ƙashin cinya ya kama, kafaɗar ma da sauƙi, tana takawa da sanda. Alhamdu lillahi.

Waɗanda ba su ji yadda aka yi ba: da sassafe ta fita kilisa da akawal ɗinmu, ta sake masa linzami, yana tsakiyar gudu majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, ya tsinke, sirdi ya juye da ita. Laifin nawa ne. Na ga fatar ta fara ci tun kafin Sallah, na ce sai an sayar da gyaɗa. Kada kowa ya ɗora wa yaron barga.

Godiyata ta farko ga ɗan kabu-kabun da ya tsaya. Ban san sunansa ba. Shi ya hana mutane su ɗaga ta, ya ce a bar wuyanta yadda yake har mota ta zo, ya tuɓe rigarsa ya yi mata inuwa. Lokotoro ya ce min da an ciccibe ta a kan babur, da wani zancen ake yi yanzu. Ɗan'uwa, in wannan saƙo ya kai gare ka, ka nemi gidan mai dawaki a unguwar Zariya. Ko kuɗin mai ba ka tsaya karɓa ba.

Samari uku da suka ba da jini, abokan sukuwa da suka haɗa jikka 85 cikin dare ɗaya, matan unguwa da ba su bar uwarta ta ɗora tukunya ba, da 'yan'uwa na Tsibiri da Madarumfa da suka yi ta zirga-zirga, Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku gama lafiya.

Akwai kuma masu zuwa dubiya da tambaya a baki: me ya kai ɗiya mace bisa doki? Ban yi fushi ba, ni ma na tambayi kaina a daren farko. Ita ta ba ni amsa daga kan gado, da salula a hannu. Ta nuna min Khadijah Mellah, 'yar shekara 18, wadda ta ci tsere a Goodwood ta Ingila a 2019 da hijabinta ƙarƙashin hular kwano. Ta nuna min Michelle Payne ta Ostareliya, wadda ta faɗi a 2004 har ƙoƙon kanta ya tsage, ta warke, ta koma, a 2015 ta zama mace ta farko da ta ci Kofin Melbourne. Na ce, to, waɗannan dawakin Turawa ne da aka kiwata don gudu kawai, mahayinsu ma bai cika wuce kilo 55 ba. Ta ce, "Baba, ni 48 gare ni." Wani tsoho a gadon kusa, mai bin tseren Faransa, ya sa baki ya ce can tun 2017 aka rage wa dokin da mace ta hau nauyin da zai ɗauka, don masu dawaki su riƙa ba su hawa. Biyu suka taru a kaina, na yi shiru.

Ban yi mata alkawarin komai ba, uwarta kuwa ta ce kada ta ƙara jin zancen sirdi a gidan. Amma hular kwano na riga na aika Kano a sayo, majayin dawakinmu kuma na canza duka huɗun.

Mai kujerar guragu da ya ara mana, gobe in Allah ya kai mu yaro zai mayar. Masu tambayar akawal, lafiyarsa lau, ƙujewa ce kawai a gwiwa.