Makunnin risiba da abin da ƙurar hunturu take yi masa

Mu da ke tashin ƙananan jiragen rimot a Sakkwato ba mu da yawa, kuma kusan dukkanmu da jirgin lantarki muka fara, irin wanda ake yanka jikinsa daga farin soso. Shi ba ruwansa da makunni. Batirin LiPo ake jonawa, na'urar da ke sarrafa gudun farfela ta rage wutar zuwa wajen bolt 5 ta ba risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, in an sauka a zare batir. Sai mutum ya koma jirgi mai inji yake haɗuwa da makunni, domin a nan risiba da sarbo, wato ƙananan na'urorin da ke motsa fiffike da jela da totur, batirinsu daban ne, yana can cikin jirgi an naɗe shi da soso, kuma ba wanda zai riƙa kwance fiffike duk lokacin da zai tashi don ya jona shi.

Nawa jirgin na katakon balsa ne, injinsa na fetur mai cc 20, da sarbo biyar: biyu a fiffike, biyu a jela, ɗaya a kan totur. Batirin risiba NiMH ne mai ƙwaya huɗu, kowace bolt 1.2, jimla 4.8. Tsakanin batirin nan da duk abin da ke juya jirgin akwai ɗan makunni na turawa, baƙi, da kaɗan ya fi farcen babban yatsa, wanda ya zo cikin kwalin kayan. A duk abin da ke jikin jirgin shi ne mafi arha. Idan sarbo ɗaya na fiffike ya mutu, da na ɗaya gefen za ka iya lallaɓowa ka sauka. Inji in ya mutu, jirgi yana shawagi ya sauko. Makunni kuwa in ya yanke, komai ya tafi lokaci guda.

Abin ya same ni ne cikin watan Janairu, da sassafe kafin iska ta taso. Muna tashi a wata gonar gero ta hanyar Wamakko, bayan an kwashe kara, da izinin mai gonar, nesa da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da hanyar manyan jirage. Na ja jirgin sama, na kwantar da shi zan yi kwana, sai ya daina jin magana. Na motsa sanduna duka biyu, shiru. Ya ci gaba da kwanar da na sa shi, hancinsa yana sunkuyawa, inji yana kuka yadda yake. Bai fi daƙiƙa biyu ba ya dawo hannuna, na miƙar da shi na sauke nan take. Jirgin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin sama da mita 20 a kowace daƙiƙa, kuma a gefen gonar akwai yara da suka baro awakinsu suka zo kallo. Tunanin yaran nan ya fi tunanin asarar jirgin tsaya mini a rai.

Abokan tashi kowa ya kawo nasa. Wani ya ce turken kamfanin waya ne ya shiga tsakani, wani ya ce rimot ɗin ne ya gaji. A ƙasa kuwa komai lafiya: fitilar risiba na ci, sarbo na motsi, gwajin nisa ya yi daidai. Abu ɗaya ne ya hana ni yarda da zancen sigina. Na saita risiba ta yadda in ta rasa rimot za ta mayar da totur ƙasa. Da sigina ce ta yanke, da na ji inji ya sassauta. Bai sassauta ba. Wutar filogin injin fetur batirinta daban, don haka shi ya ci gaba da aikinsa, sarbo kuma suka sandare inda suke. Risibar da ta rasa sigina tana da abin da za ta yi. Wadda ta rasa wuta ba ta iya komai.

Na kwance batir da makunni da wayoyinsu na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda tun ina yaro nake ganinsa a rumfarsa. Bai taɓa riƙe jirgin rimot ba, kuma bai nemi ganinsa ba. Na ce, "Baba, na auna da mita, wuta tana wucewa." Ya ce, "Awo, ɗana, shina ba da wuta. Ka ɗora mai kaya ka gani?" Ya ɗauko ƙwayayen fitilar mota guda biyu ya jona su a bakin wayar da ke zuwa risiba, ya sa tsinken mita ɗaya kafin makunni, ɗaya bayansa. Sannan ya riƙa ƙwanƙwasa makunnin da ƙotar sukudireba. Fitilun suka riƙa dushewa suna dawowa, allurar mita tana tsalle. Ya miƙe 'yan kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da murfin, ya buɗe, ya nuna mini. "Ka gani? Mai da ƙura sunka haɗu. Wanga bai mutu ba, ciwo garai, kuma shi yaf fi haɗari."

A cikin irin wannan makunni ba wani abu ba ne illa ɗan siririn ƙarfe mai danni da ke zamewa a kan haƙora. Wurin da suke taɓa juna bai kai ƙwayar gero ba. Nawa ya yi baƙin danƙo, ƙarfen ya saki, wurin gugar ya cinye har launin ƙasan ya fito. Danƙon daga salansa yake. Injin fetur irin wannan da baƙin mai ake gauraya masa fetur, kuma abin da bai ƙone ba yana fesuwa a gefen jirgi. Ƙurar hunturu kuma gari ce laushi, babu kafar da ba ta shiga. Ita kaɗai da sauƙi, ana iya hure ta, amma in ta sami mai sai ta zauna. Ga kuma jijjigar inji mai silinda ɗaya da ke kaɗa ƙarfen dubban sau a minti.

Abin da Baba ya nuna mini da fitila lissafi ne mai sauƙi, kuma shi ne zuciyar maganar. Mita ba ta shan wuta, risiba ita kaɗai kaɗan take sha, shi ya sa makunni mai ciwo yake cin jarrabawa a ƙasa. Kamar famfo ne da bututunsa ya toshe: za ka cika kofi ka ce lafiya lau, sai an kawo jarka a san gaskiya. A sama, lokacin da iska ke danna fiffike da jela, sarbo biyar suna iya jan am 3 ko fiye a tare, na zamani masu ƙarfi ma sun fi haka. In dattin da ke kan haƙoran ya kai turjiyar om 0.4, to am 3 sau 0.4 bolt 1.2 ke nan da ya salwanta a cikin makunni. Cire shi daga 4.8, saura 3.6, ba a ma lissafa yadda batirin kansa yake durƙusawa in an ja shi ba. Risibobi da yawa na 2.4GHz a wajen bolt 3.5 suke mutuwa su sake tashi, domin ƙaramar kwamfuta ce a cikinsu, kuma sai ta farka ta nemo rimot kafin jirgi ya sake jin magana. Wannan ne daƙiƙa biyun nan. Ba a kan hanya miƙaƙƙiya abin yake zuwa ba, a kwana yake zuwa ko wajen jan jirgi daga nutsewa, daidai inda aka fi buƙatar sarbo.

Baba ya kuma fere baƙar wayar batir ya duba. Tawa tagullarta na ƙyalli. Ya ce in riƙa dubawa, domin ya sha ganin waya ta yi baƙi ta ruɓe a ƙarƙashin robarta. Masu jiragen rimot sun daɗe da sanin wannan ciwo a batiran NiCd da NiMH: daga ƙafar batir yake farawa a baƙar waya, ya bi ta har makunni, tagulla ta koma baƙa mai karyewa, dalma ma ba ta kama ta. Laima ce ke taimaka masa, don haka a wurinmu bayan damina ya kamata a fi sa ido, musamman ga jirgin da aka ajiye da batir a jone. In ya kama, ba a kankarewa, wayar da makunnin duka ake zubarwa.

Na sake haɗa wutar jirgin daga tushe. Na sa makunni biyu masu nauyi, kowane da wayarsa mai kauri daga batir, kowane yana shiga risiba ta rami daban. Ribar biyu ce. In ɗaya ya yanke ɗayan yana riƙe, kuma kayan sun rabu biyu, don ƙaramin fulogin sarbo da muke cusa wa risiba shi ma bai wuce ɗaukar am 3 ba in abin ya ɗore. Amma makunni biyu suna da tarkonsu: ɗaya zai iya mutuwa tun tuni ba ka sani ba, tunda ɗan'uwansa yana rufa masa asiri. Saboda haka kafin kowane tashi nakan kunna na farko shi kaɗai in kaɗa sanduna, in kashe, in kunna na biyu shi kaɗai in yi haka, sannan in haɗa su. Batirin ma na canza shi zuwa mai ƙwaya biyar, bolt 6, bayan na tabbatar sarbona suna ɗauka, don a sami tazara tsakanin wutar aiki da inda risiba ke faɗuwa. Wasu sun koma LiFe mai bolt 6.6, wanda ya fi jure ja.

Na mayar da makunni biyun gefen da babu salansa, kuma ba a jikin bangon jirgi ba, a kan wani katako daga ciki, ana tura su da 'yar waya. Ramin da aka yanka wa makunni ma sai ya isa. In ya yi gajere, makunni yana tsayawa rabi, fitila ta kama, jijjiga ta zo ta mayar da shi. Wanda ya ɗaura nasa a waje, ya sa kunnawa ta zama turawa baya wajen jela, yadda in ciyawa ko kara ya goge shi ba zai kashe ba. Makunnin filogi kuma na nisanta shi da wayoyin risiba.

Zafi shi ma yana da nasa rabo. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota a rufe kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Jikin makunni roba ne, kuma robar da ta yi ta gasuwa tana sanyi ba ta riƙe ƙarfe kamar da. Yanzu ba na barin jirgi a but, a fili kuma ina rufa masa farin zane tsakanin tashi da tashi.

Akwai makunni na lantarki da ake sayarwa, wanda wutar ba ta bi ta haƙora, ta cikin taransisto take wucewa, kuma an gina da yawansu yadda in ɗan maɓallin ya lalace za su tsaya a kunne. Dabara ce mai kyau, don jirgin da ya ƙi mutuwa a ƙasa ya fi wanda ya mutu a sama. Illarsa yana tsotsar batir kaɗan-kaɗan ko a kashe, sai an zare in za a ajiye, kuma sai an yi odarsa a jira. Wani abokina shi ya ɗauki wata hanyar: ya cire makunni ɗungurungum, ya fito da fulogi mai kauri ta ƙarƙashin ƙyauren jirgi, yana jonawa da hannu. Hujjarsa ita ce abin da babu shi ba ya lalacewa. Ban ƙi ta tasa ba, a ƙaramin jirgi ma ita zan ba wa mai farawa shawara. Inda muka saɓa shi ne fulogin da ake cusawa ana zarewa kullum shi ma yana saki, wayar tana karyewa a gindin dalma, kuma har yanzu hanya ɗaya ce tak tsakanin batir da risiba. A jirgi mai nauyin kilo huɗu ko biyar da farfela mai yanka, ni hanya biyu nake so.

Gwajin ƙwan fitila ya zama mini ƙa'ida. Nakan yi shi a farkon hunturu da ƙarshensa, da kuma bayan duk saukar da jirgi ya bugu. In na ƙwanƙwasa na ga fitila ta ƙyafta ko sau ɗaya, ko bambancin da ke tsakanin gaba da bayan makunni ya haura kaɗan daga cikin goma na bolt, ba na fesa masa mai in ce ya warke, sabo nake sawa. Sai gwaji na ƙarshe a fili: wani ya riƙe jela, in buɗe totur har ƙarshe, in kaɗa sanduna duka tare ina kallon ko wani sarbo zai yi karkarwa ko ya tsaya. Rimot ɗin da nake amfani da shi yanzu yana nuna wutar risiba a fuskarsa, na saita shi ya yi ƙara in ta sauka ƙasa da bolt 5, kuma in ya yi ƙarar nan ko a tsakiyar wasa ne saukowa nake yi.