Yadda aka yi mini aikin leza a ido

Shekara 11 ina fama da ciwon suga ban taɓa zuwa an duba mini cikin ido ba. Ni tela ne, kuma tunda ina zura zare a allura ba tare da wahala ba, na ɗauka idona lafiya lau. Wata safiya, na dawo daga masallaci ke nan, sai na ga baƙaƙen abubuwa kamar yanar gizo-gizo suna yawo a idona na dama. Ashe jini ne ya zuba a ciki.

A Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna aka ɗiga mini magani ƙwayar idon ta buɗe, aka ɗauki hoto. Likita ta ce, "Baba, suga ya toshe ƙananan jijiyoyin jinin tantanin da ke bayan idonka. Inda jini bai kai ba sai sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro, su ne ke fashewa."

Ta ce da tsakiyar tantanin ce ta kumbura, da allurar cikin ido za a yi, irin su Avastin, wadda akan maimaita wata-wata, ko a ɗan taɓa wurin da ke yoyo da leza, wato wani siririn haske mai ƙarfi da ke ƙona inda aka saita shi. Ni kuwa aikin leza mai faɗi nake buƙata: ɗigon ƙuna sama da 1,000 a gefe-gefen tantanin, a sadaukar da gefe don tsakiya ta tsira.

Zama uku muka yi. Akan ɗiga maganin kashe zafi, a ɗora wani ɗan gilashi a kan idon, sai koren haske ya yi ta walƙiya. Wasu ɗigon ban ji su ba, wasu kuwa kamar an tsira mini tsinke har cikin kai. Ranar farko ɗana ne ya riƙe mini hannu zuwa mota, don komai dishi-dishi nake gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganarta cewa leza ba ta dawo da ganin da ya tafi, wanda ya rage take tsarewa. Gaskiya ta faɗa. Da dare ganina ya ragu, na daina hawa babur bayan magariba. Amma ina kan kekena ina ɗinki, alhamdu lillahi.

Yanzu ba na wasa da maganin suga da na hawan jini. Ƙanwata ma tana da suga, ba ta jin komai a idonta, amma da kaina na kai ta aka ɗiga mata maganin aka duba.