Neman faifan Amchem Noxib a Margao

Jirgin ƙasan da na shiga daga Mumbai cikin dare ya sauke ni a tashar Madgaon, wato tashar garin Margao a jihar Goa ta Indiya, da hantsi, bayan ya kwana yana ratsa duwatsu da gadojin gaɓar Konkan. Abin da ya kai ni Goa faifan garmaho ne na Amchem Noxib, fim ɗin waƙe-waƙe da ya fito a 1963 da harshen Konkani na mutanen Goa, ba da jimawa ba bayan Indiya ta karɓe yankin daga hannun Turawan Fotugal a 1961.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya a gidajen silima na Kano, mun daɗe muna jin aikin makaɗan Goa ba tare da mun san su ba. Da yawansu sun koyi karanta rubutun kiɗa a makarantun coci, sannan suka tafi Bombay (Mumbai ta yanzu) suna busa da kiɗa a bayan waƙoƙin Hindi, amma ba kasafai sunayensu suke fitowa a majigi ba. Frank Fernand, mai busa kakakin Turawa, yana cikinsu, kuma shi ne ya ɗauki nauyin wannan fim, ya tsara kiɗansa da harshen mahaifarsa. Wannan ne ya sa masu tara kayan da suke ɗaukar faifan da daraja.

A wani ɗan shago kusa da kasuwar Margao na tarar da dattijon da aka kwatanta mini. Ya zaro ƙaramin faifai daga wani kabad mai warin laima, takardar da aka sa shi ciki gara ta cinye mata gefe guda. Daminar Goa ba ta raga wa takarda ko zaren fim; Mogacho Aunddo, fim na farko da aka yi da Konkani a 1950, naɗi ɗaya kacal ya tsira daga cikinsa. Dattijon ya goge faifan da ƙyalle, ya ɗora allura. Da farko sai ƙara-ƙara kamar yayyafi a kan kwano, daga nan kakaki ya shigo, shi kuma ya rufe ido yana bin waƙar baiti-baiti. Ba na jin Konkani, amma tsigar jikina ta tashi.

Na taya, ya girgiza kai. Na ƙara kuɗi, ya ce na marigayi wansa ne, ba na sayarwa ba. Ya aika yaro ya kawo mana shayi, ya juya faifan, muka saurari ɗaya gefen har ƙarshe kafin in tashi neman motar Panaji, babban birnin Goa.