Kangon Heidelberg da nake sa wa firam

Sana'ata sa hoto a firam ce da sayar da kwafin tsofaffin zane-zane, a wani ɗan shago cikin tsohon garin Heidelberg, kudu maso yammacin Jamus. Mu biyu ne da yaron shagona: shi ke yanka gilashi da kwali, ni ke haɗa katako da ciniki. Kusan duk abin da ke rataye a bangonmu hoton abu ɗaya ne, wato fadar nan ta jan dutse da ke kan tudu tana kallon kogin Neckar.

In aka kawo mini tsohon zane, kafin in tambayi daga ina ya fito, ƙatuwar hasumiyar da ke gefen yamma nake fara dubawa. A zanen da Matthäus Merian ya sassaƙa a farantin jan ƙarfe a 1620, tana nan cif da rufinta, ga lambun sarki Friedrich na Biyar a gefe, an tsara shi hawa-hawa. Sojojin Faransa na Louis na 14 ne suka fasa ta da albarushi a 1689, suka dawo a 1693 suka ƙarasa ɓarnar. A 1720 sarauta ta koma Mannheim, a 1764 kuma aradu ta faɗa wa abin da aka gyara, wuta ta cinye shi. Sai in dubi gadar da ke kan kogin. In ta katako ce mai rufi, zanen ya girmi 1788, shekarar da aka gama ta dutse.

Bayan gobarar, mutanen gari suka mai da wurin mahaƙar duwatsun gina gidajensu. Wanda ya taka musu birki kuwa Bafaranshe ne, Charles de Graimberg, da ya zo a 1810 ya tare cikin kangon, yana gadi yana zane, yana bugawa yana sayar wa baƙi. Ni dai a wurina shi ne kakan wannan sana'a tamu a garin. A zamaninsa masu zane suka daina ɓoye rushewar, suka koma yin ado da ita: tagogi ba rufi, ciyayi sun hau bango, rana na faɗuwa, kamar yadda Carl Rottmann ya zana a 1815. Turner na Ingila, da ya sha zuwa garin, shi kam a babban zanensa na wajen 1844 sai ya sake gina fadar da burushinsa, ya cika filin da taron biki.

To ga abin da ciniki ya nuna mini. Kwafin Merian, duk da shi ne aikin da ya fi ƙwarewa, har taga ɗaya-ɗaya za ka iya ƙirgawa, sai ya daɗe yana shan ƙura. Malaman jami'a ne kawai ke tambayarsa. Ɗan yawon buɗe ido kango yake so, musamman wata hasumiyar daban, ta ajiyar albarushi, da ta tsage, rabinta ya zame cikin kwari. Shi ya sa ban ga laifin waɗanda suka hana a sake gina fadar duka ba, aka tsaya ga ɓangare ɗaya, Friedrichsbau, tsakanin 1897 da 1900.

Masu kawo na asali su ne ke sa ni taka-tsantsan. Nakan shafa gefen takardar da yatsa, in na ji ɗan kwarmin da farantin ya bari, in ga ɗigo-ɗigon tsufa ruwan ƙasa, na san ba na injin zamani ba ne. Irin wannan ba a shafa masa gam, ba a barin gilashi ya taɓa shi, sai a sa kwali marar sinadari mai cin takarda a tsakani. Mai kaya yakan ce kuɗin ya yi yawa, ni kuma in ce masa ya je ya yi shawara da gida, amma kada ya rataye shi inda rana ke bugawa.