An ce in zaɓi littafi ɗaya na kasa

Wata ƙawata ce ta turo min saƙo shekaranjiya wai in ba ta sunan littafi guda ɗaya tal wanda mace ta rubuta, ta samu ɗan hutu tana so ta karanta, na ce to ba ni minti biyar. Minti biyar ɗin nan ta koma awa biyu ina zaune dirshan a ƙasa littattafai zube ta ko'ina, in ɗauki wannan in buɗe in tarar da inda na ja layi shekarun baya sai in tsaya karantawa, in ajiye in ɗauki wancan, ƙarshe dai na kasa, shi ya sa na ce bari in zuba su a nan kowa ya ɗebi nasa.

Da Mariama Bâ zan fara kuma kar wanda ya ce min komai. Ƴar Senegal ce, da Faransanci ta rubuta littafin ya fito a 1979, fassarar Turancinsa ita ce So Long a Letter, siriri ne sosai, dare ɗaya ya ishe ki gama shi amma wallahi sai ya yi wata yana bin ki. Ramatoulaye ce tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aissatou doguwar wasiƙa. Mijinta Modou, bayan shekara 25 da aure da ƴaƴa 12, ya je ya auri Binetou, ita kuwa Binetou ƙawar ƴarsu Daba ce, gidan take zuwa su yi karatun jarrabawa tare, har tana ba su labarin wani dattijo da yake kashe mata kuɗi, ashe maigidan ne. Ita Ramatoulaye ba ta ma ji ba sai bayan an ɗaura, aka turo maza uku har da liman su faɗa mata. Kishiyar ma ba ita ta fi ci min rai ba, tafiyar da ya yi ne bai ƙara waiwayar gidan ba. Akwai wurin da yayan mijin, Tamsir, ya zo ranar arba'in yana cewa shi zai aure ta kamar wani kayan gado, matar da ta yi shekara talatin tana haɗiye magana ta buɗe baki ta wanke shi tas a gaban mutane, ni dai da na zo nan sai da na rufe littafin na tashi na zagaya ɗaki. Littafin ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma Award a 1980, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa a 1981, ba ta daɗe tana ganin inda wasiƙar nan ta kai ba.

Sai Buchi Emecheta. Kafin ma a zo kan littafin, ku san cewa rubutunta na farko mijinta ne ya ƙona shi a Landan, ƙurmus, ta bar auren, ta riƙe ƴaƴa biyar ita kaɗai tana aiki tana karatun digiri tana rubutu a ɗan lokacin da yaran suka bar mata. Duk sanda na ce wai ba ni da lokaci sai matar nan ta faɗo min a rai. The Joys of Motherhood shi ma a 1979 ya fito, labarin Nnu Ego ne wadda aka nuna mata tun tana ƙarama cewa darajar mace haihuwa ce, ta haifa, ta wahala, ta sayar da ɗan abin da take da shi ƴaƴa maza su yi karatu, suka tafi ƙasar waje, ita kuma ta mutu a bakin hanya ba kowa a kusa da ita, sannan aka zo aka yi mata gagarumar jana'iza. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, ina gamawa na ɗauki waya na kira mahaifiyata ba tare da ina da abin faɗa ba.

Toni Morrison kuma gaskiya sai kin shirya. Baƙar fata ce ƴar Amurka, ita ce baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi a 1993. Beloved ya fito a 1987 kuma daga labarin gaske ta samo shi, na wata baiwa Margaret Garner da ta gudu daga Kentucky zuwa Ohio a 1856, da masu kamun bayi suka cim mata ta kashe ƴarta da hannunta don kar a mai da ita cikin bauta. Karo na farko shafi kamar arba'in na yi na ajiye, labarin yana gaba yana baya kamar mai tuno abin da ba ya son tunawa, sai daga baya na gane ai da gangan ta yi haka. In Turancin ya yi miki nauyi fara da The Bluest Eye na 1970, ƴar yarinya Pecola da take roƙon Allah ya ba ta shuɗin ido ko a so ta.

Akwai Zora Neale Hurston mai Their Eyes Were Watching God na 1937, ta rasu a 1960 cikin talauci aka binne ta a Florida ko alama babu a kabarin, sai a 1973 Alice Walker ta je ta shiga cikin ciyayi tana nema ta sa mata dutse da sunanta. Marubuciya ta tafi neman kabarin marubuciya ƴar'uwarta, abin nan yana taɓa ni matuƙa.

Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga ƴar Zimbabuwe, 1988, tun layin farko Tambu ta faɗa miki mutuwar yayanta ba ta dame ta ba, za ki ce wace irin yarinya ce wannan, sai ki ga yadda ta noma masara don ta biya wa kanta kuɗin makaranta shi kuma yana sace mata. Shi kuma Minaret na Leila Aboulela ƴar Sudan, 2005, shi nake ba duk wadda ta gaji da littattafan da suke nuna mace musulma kamar fursuna. Najwa ƴar masu hannu da shuni ce a Khartum, juyin mulki ya watsa gidansu ta koma ƴar aiki a Landan, a can ta samu hanyar masallaci, kuma marubuciyar ba ta ba kowa haƙuri ba kan hakan.

Na harshenmu fa ban manta ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, 1990, Rabi da mijinta ya kora da ƴaƴa tara saboda amarya, an fassara shi zuwa Turanci a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga. Ki karanta shi a jere da na Mariama Bâ ki ga yadda mata biyu da ba harshe ɗaya suke rubutu ba suka ɗora yatsa kan ciwo ɗaya. Ga kuma The Stillborn na Zaynab Alkali, 1984, shi da Turanci ta rubuta, wanda da yawa a makaranta suka fara haɗuwa da shi don jarrabawa, dan Allah ku koma masa yanzu da kuka girma, jarumar littafin, Li ɗin da kuka bari, ba ita za ku tarar ba.

Ita ƙawar tawa dai da na ga dare ya yi sai na ɗauki hoton bangon So Long a Letter na tura mata, duk ya lanƙwashe don yawo hannu hannu, na ce ta zo ta karɓa amma ta dawo min da kayana. Jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare sai ga saƙonta, wai ta zo wurin da aka turo liman ɗin nan, ta ce "Ke, ashe Binetou ce?"